Dandali na Musamman, Kafafen Sada Zumunta ko Taron Gaba da Gaba: Wanne Ke Janyo Jama'a Cikin Shawarar Ƙaramar Hukuma?

Duk ƙaramar hukumar da ta ƙudiri aniyar jin ta bakin mazaunanta kafin ta yanke shawara, a yau tana da hanyoyi uku a gabanta. Tana iya kiran taro a zaure kamar yadda aka saba, tana iya buɗe shafi a Facebook ko zauren WhatsApp ta ce kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, tana kuma iya kafa dandali na musamman a intanet, inda mutum zai yi rajista, ya gabatar da shawara, ya goyi bayan ta wani, ya kaɗa ƙuri'a. Masu sayar da manhaja za su ce ta ukun ce ta dace da zamani, masu tsimin kuɗi za su ce ta biyun kyauta ce, tsofaffin ma'aikata kuwa za su ce ta farkon kaɗai suka yarda da ita. Kafin a saurari kowannensu, akwai tambayar da ya kamata a fara amsawa, wato me ke sa mutum ya bar harkar gabansa ya tsoma baki a sha'anin hukuma, domin hanyar da ba ta dace da dalilin zuwan mutane ba, komai tsadarta, ba za ta tara kowa ba.

Abin da ke hannun ƙaramar hukuma abu ne da mutum ke takawa da ƙafarsa kullum: ramin da ke kan titi, magudanar ruwan da ta toshe, fitilar da ta mutu, sharar da ba a kwashe ba, filin wasan yara da ciyawa ta cinye. Wannan kusanci shi ne ke fara motsa mutum, kuma shi ya sa dandalin FixMyStreet, wanda ƙungiyar mySociety ta buɗe a Birtaniya a 2007, ya samu karɓuwa ba tare da ya nemi kowa ya yi muhawara ba. Mutum zai nuna wurin a taswira, ya rubuta abin da ya lalace, ya haɗa da hoto idan yana so, dandalin kuma ya tura ƙorafin ga hukumar da abin ya shafa. Daga baya wasu masu bincike na Bankin Duniya sun bi diddigin rahotannin da aka shigar a wannan dandali, suka gano cewa wanda aka gyara abin da ya fara kai ƙorafi a kansa, yiwuwar ya sake kai wani rahoto tana ƙaruwa da fiye da rabi idan aka kwatanta shi da wanda aka yi watsi da nasa. A ganina wannan shi ne bayani mafi nauyi a duk wannan batu. Kusancin matsala na iya kawo mutum karo na farko, amma dawowarsa karo na biyu ta rataya ne kan abin da hukuma ta yi da zuwansa na farko.

Birnin Belo Horizonte na ƙasar Burazil ya nuna haka ƙarara, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa. Tun daga 1993 birnin ke shirya tarukan unguwanni inda mazauna ke zaɓen ayyukan da za a kashe wa wani kaso na kasafin kuɗi, amma masu halarta ba su kai kashi 2 cikin 100 na masu rajistar zaɓe ba. A 2006 sai hukumar birnin ta ƙara wata hanya ta intanet, ta jera ayyuka 36, huɗu a kowanne daga cikin yankunan birnin tara, ta ba da makonni shida na kaɗa ƙuri'a, ta kuma tanadi kwamfutoci a wuraren jama'a saboda waɗanda ba su da su a gida. Mutum fiye da dubu 170 ne suka shiga, wato kusan kashi 10 cikin 100 na masu zaɓe, adadin da tarukan zaure ba su taɓa kusantarsa ba. A 2008 adadin ya sauka zuwa kimanin dubu 124, wanda har yanzu babban taro ne. Sai dai aikin hanyar da ya yi nasara a wannan zagaye ya yi shekaru ba a aiwatar da shi ba, sannan a zagayen 2011 aka tsaurara sharuɗɗan tantance mai zaɓe saboda zargin maguɗi. Masu shiga suka faɗo zuwa kimanin dubu 25, a 2013 kuma suka gaza dubu 10. Birni ɗaya ne, mutane ɗaya ne, intanet ma ƙara yaɗuwa ya yi a tsawon waɗannan shekaru, amma jama'a suka janye jiki saboda an saɓa musu alkawari kuma an ƙara musu wahalar shiga. Duk mai tunanin sayen manhaja ya kamata ya ajiye waɗannan lambobi huɗu a gabansa.

Sauƙi shi ne fifikon da ba wanda ke musanta wa intanet. Taron zaure yana da rana da sa'a da wuri, kuma wanda ke aikin dare, ko uwar da ba ta da mai riƙe mata yara, ko mai lalurar da hawa bene ke yi masa wuya, ko wanda ke jin nauyin miƙewa ya yi magana a gaban manya, duk an cire su tun kafin a buɗe taron. A jihar Rio Grande do Sul, ita ma a Burazil, inda ake zaɓen ayyukan kasafi ta akwati da kuma ta intanet, an tambayi waɗanda suka zaɓa ta intanet a 2012, sai kusan kashi biyu cikin uku suka ce da babu wannan hanya da ba su zaɓa ba, kuma an ƙiyasta cewa hanyar ta ƙara yawan masu shiga da kimanin kashi 8 cikin 100. Ashe ke nan ba tsofaffin masu halartar taro kaɗai ne suka koma wayoyinsu ba, an samu sababbin fuskoki. Amma binciken nan ya kuma nuna cewa waɗannan sababbin fuskoki sun fi karkata ga maza, matasa, masu ilimi mai zurfi da masu abin hannu. Idan aka haɗa wannan da ƙiyasin hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024, cewa mutum biliyan 2.6 a duniya ba sa amfani da intanet ko kaɗan, za a ga cewa ƙofar da aka ce a buɗe take ga kowa tana da nata masu tsaron da ba a gani, wato kuɗin data, ƙarfin waya, iya karatu da rubutu, da kuma harshen da aka rubuta dandalin da shi.

Masu kare taron gaba da gaba sukan tsaya a nan su ce magana ta ƙare, to amma nasu taron ma ba wakilin jama'a ba ne. Wasu malaman Jami'ar Boston ta Amurka sun duba bayanan tarukan tsara birni a garuruwa 97 da ke kewayen birnin tsakanin 2015 da 2017, suka ga cewa masu tashi su yi magana galibi dattawa ne, maza, masu mallakar gidajensu, waɗanda suka daɗe a unguwa, kuma kimanin kashi 15 cikin 100 ne kawai ke goyon bayan gina sababbin gidaje, alhali ƙuri'ar jama'ar yankin ta nuna goyon bayan ya fi haka nesa. Da annobar korona ta tilasta mayar da tarukan kan Zoom, manhajar taro ta bidiyo, a 2020, sai suka sake dubawa, suka tarar kusan irin mutanen nan ne dai ke magana, ra'ayinsu ma bai sauya ba. Darasin da ke ciki ya shafi ɓangarorin biyu. Ɗaukar taro yadda yake a ɗora shi kan intanet ba ya kawo sabon mutum, domin wanda bai san da taron ba, ko bai yarda maganarsa za ta yi tasiri ba, ba zai zo ba ko da a cikin ɗakinsa aka ajiye masa shi. Mutane da yawa ba sa shiga ne kawai don ba wanda ya gayyace su, kuma gayyata aiki ne na mutum, manhaja ba ta yin sa.

Su kansu dandalan na musamman ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancin ƙirarsu yana sauya irin mutanen da ke zuwa da kuma abin da suke tafiya da shi. Manyan biranen Sifaniya biyu sun isa misali, domin kusan lokaci guda suka fara amma kowanne ya bi tasa hanyar. Madrid ta buɗe Decide Madrid a watan Satumba na 2015, a zamanin magajiyar gari Manuela Carmena, a kan manhajar da ake kira Consul. Tsarin ya ce kowa na iya gabatar da shawara, kuma duk shawarar da ta samu goyon bayan kashi 1 cikin 100 na mazauna da suka kai shekara 16, wato mutum dubu 27 da ɗoriya, za a kai ta ga ƙuri'ar dukkan birni. Alkawari ne mai ƙarfi, kuma ya jawo dubban shawarwari. Matsalar ita ce shawarwarin sun yi yawa kuma da dama maimaita juna suke yi, goyon baya ya warwatsu a tsakaninsu, har ya zama biyu ne kacal suka haye wannan shinge a shekarun farko, ɗaya kan kare muhalli, ɗaya kan tikiti guda na motocin sufurin jama'a. An kaɗa ƙuri'a a kansu a watan Fabrairu na 2017 ta intanet, ta gidan waya da kuma ta akwati, mutum fiye da dubu 200 suka shiga, duka biyun kuma suka samu rinjaye. Amma sauran dubban mutanen da suka zauna suka rubuta shawara ba su samu komai ba sai shiru, kuma ta tikitin ma ba a hannun hukumar birni kaɗai take ba, tana buƙatar amincewar hukumar sufuri ta yankin. Inda Madrid ta fi cin nasara shi ne kasafin da ta ware wa jama'a su raba da kansu, Yuro miliyan 60 a 2016, sannan miliyan 100 a 2017, domin a nan kowa ya san akwai kuɗi a ƙasa kuma akwai ranar da za a ƙirga ƙuri'a.

Barcelona, a ƙarƙashin magajiyar gari Ada Colau, ta buɗe dandalinta mai suna Decidim a farkon 2016, amma ba ta ce wa jama'a su kawo duk abin da ya zo musu a rai ba. Ta ɗaura dandalin ne a kan wani takamaiman aiki, wato rubuta tsarin ayyukan birnin na shekara huɗu. An tara shawarwari fiye da dubu 10, mutum kusan dubu 40 suka shiga, kuma a tare da dandalin aka yi taruka na gaba da gaba fiye da 400, waɗanda aka riƙa shigar da abin da aka faɗa a cikinsu a dandalin domin wanda bai je ba ya gani. Kowace shawara ta samu amsa, an karɓa ko an ƙi, sannan waɗanda aka karɓa aka haɗa masu kama da juna aka mayar da su ayyuka, aka kuma buɗe sashen da ke nuna inda kowane aiki ya kai. Idan aka ce in zaɓi ɗaya tsakanin tsarin biranen biyu, na Barcelona zan ɗauka, ba don manhajarsa ta fi kyau ba, sai don mutumin da aka ƙi shawararsa a can ya san dalili, wanda kuma ya san dalilin da ya sa aka ƙi tasa ya fi saurin dawowa kan wanda ba a tanka masa ba.

Reykjavik, babban birnin Iceland, ya magance wata matsala ta daban. Bayan rugujewar bankunan ƙasar a 2008 amincewar jama'a da 'yan siyasa ta yi ƙasa sosai, sai wata ƙungiya mai zaman kanta ta buɗe dandalin Better Reykjavik a 2010, daga baya hukumar birnin ta ɗauki alkawarin duba shawarwarin da suka fi samun goyon baya a kowane wata ta kuma ba da amsa. Dabarar da ta bambanta shi ita ce yadda aka tsara muhawara: a ƙarƙashin kowace shawara akwai gefen masu goyon baya da gefen masu suka, kowa ya rubuta hujjarsa a gefensa, ba a ba da damar mayar wa wani martani kai tsaye ba. Da wannan ƙaramin tsari aka toshe hanyar cacar baki, domin wanda ya zo neman faɗa ba shi da wanda zai fuskanta, dole ya kawo hujja ko ya wuce. Mutane masu kamun kai, waɗanda zage-zage ke kora daga shafukan intanet, a irin wannan wuri suke iya zama.

Wannan ya kawo mu kan kafafen sada zumunta, waɗanda ƙananan hukumomi da yawa ke faɗawa cikinsu ba don sun zaɓa ba, sai don nan jama'a suke. Amfaninsu a fili yake: ba sabuwar rajista, ba sabon abin koyo, ana iya aika saƙon murya da hoto, kuma sanarwa na iya zagaya unguwa cikin sa'a guda. Wajen gayyata, tunatarwa da sanar da sakamako, babu abin da ya kama ƙafarsu. Wajen yanke shawara kuwa, ban ga hujjar da za ta sa a dogara da su ba. Facebook ne ke zaɓen abin da kowa zai gani, kuma abin da ya fi tayar da ƙura shi ke hawa sama, saboda haka mai tsokana ya fi mai hujja samun masu karatu. Hukuma ba ta da hanyar sanin ko mai sharhi mazaunin yankin ne, ko ma mutum ɗaya ne da asusu biyar. Zauren WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024, mai kula da shi na iya cire wanda ya ga dama, lambar wayar kowa a bayyane take ga sauran, kuma shawara mai kyau da aka rubuta da safe kafin yamma ta nutse a ƙarƙashin gaisuwa da tallace-tallace. Bayan wata shida, idan wani ya tambaya me aka yanke kuma su wa suka goyi baya, ba rikodin da za a nuna masa. Bayanan ma ba mallakin hukuma ba ne, kamfani na iya rufe shafin ko ya sauya ƙa'idojinsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Abin da taron gaba da gaba ke yi wanda sauran biyun ba sa iyawa shi ne sa mutum ya saurari wanda buƙatarsa ta ci karo da tasa. A birnin Porto Alegre na Burazil, inda aka fara raba kasafi da jama'a a 1989, ba ƙirga ƙuri'a kaɗai ake yi ba. An raba birnin yanki 16, kowane yanki ya yi taronsa ya jera buƙatunsa, ya zaɓi wakilai, wakilan kuma su zauna da na sauran yankuna su daidaita, bisa ma'aunin da ke ba unguwar da ta fi rashin ruwa da magudana da titi fifiko. Wakilin da ya zagaya ya ga halin da wata unguwa ke ciki yana iya janye buƙatar tasa unguwar, abin da mai danna maɓalli shi kaɗai a ɗakinsa ba shi da dalilin yi. A zaɓen intanet, unguwar da ta fi yawan masu wayoyi da iya haɗa kai ita ke kwashe ayyuka, sai a ga ana gyara lambun shaƙatawa a inda ake da wadata alhali wata unguwa na fama da ambaliya. Paris ta fahimci wannan haɗari. Bayan magajiyar garin, Anne Hidalgo, ta ware kashi 5 cikin 100 na kasafin manyan ayyukan birnin tun daga 2014, kimanin Yuro rabin biliyan zuwa 2020, sai a 2016 aka keɓe miliyan 30 daga cikin miliyan 100 na shekarar ga unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, aka kuma riƙa kai akwatunan zaɓe ɗakunan karatu, ofisoshin gundumomi da bakin tituna. A wasu shekaru masu zaɓe ta takarda sun fi masu zaɓe ta intanet yawa, a birnin da kusan kowa ke da waya mai shiga intanet. Wannan kaɗai ya isa ya sanyaya gwiwar mai tunanin rufe akwati gaba ɗaya.

Batun tantance mai shiga shi ne inda zaɓin ya fi wuya, domin kowane gefe aka karkata akwai asara. Idan aka sassauta, masu maguɗi za su cika wurin. A 2017 hukumar sadarwa ta Amurka ta karɓi sharhi fiye da miliyan 22 kan wata doka da ta shafi intanet, daga baya binciken babbar lauyar jihar New York ya gano a 2021 cewa kusan miliyan 18 daga ciki na bogi ne. Wannan a matakin ƙasa ya faru, amma ƙaramar hukumar da ƙuri'a ɗari biyu ke iya sauya sakamakonta ta fi sauƙin yaudara. Idan kuma aka tsaurara, sai a samu abin da ya faru a Belo Horizonte a 2011. Ƙasashen da kowa ke da katin shaida na lantarki sun huta da wannan ciwon kai, kamar Estoniya, inda aka fara zaɓe ta intanet a zaɓen ƙananan hukumomi na 2005, birninta na Tartu kuma ya fara raba Yuro dubu 140 da mazaunansa a 2013. Inda babu irin wannan kati, mafita mai ma'ana ita ce a bambanta matakai, kamar yadda Madrid ta yi: karanta shawarwari ba ya buƙatar komai, yin sharhi na buƙatar rajista mai sauƙi, amma kaɗa ƙuri'ar da za ta motsa kuɗi sai an tabbatar mutum mazaunin yankin ne. Helsinki, babban birnin Finland, wadda ta ɗauki manhajar Decidim ta raba Yuro miliyan 4.4 a zagayenta na farko a 2018 zuwa 2019, ta ba yara daga shekara 12 damar zaɓe ta hanyar asusun da suke amfani da shi a makaranta, kuma 'yan makarantar suka fi manya fitowa, saboda shaidarsu na hannunsu kuma malamai sun gayyace su.

A kan tsada, kada kalmar kyauta ta ruɗi kowa. Consul da Decidim duka manhajoji ne da ake ɗauka ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, kowa kuma na iya duba yadda aka gina su, wanda hakan ke da muhimmanci ga abin da zai ƙirga ƙuri'ar jama'a. Amma sai an biya wurin ajiye bayanai, an ɗauki masanin da zai kula da su, an fassara dandalin zuwa harsunan da mazauna ke ji, an sa masu tace sharhi. Mafi tsada duka shi ne lokacin injiniyoyi da akantoci da lauyoyin hukuma, waɗanda za su duba kowace shawara su faɗi ko tana cikin hurumin hukumar, ko za ta yiwu, da nawa za ta ci. Helsinki sai da ta ɗauki ma'aikata na musamman, kowanne da yankinsa, domin su taimaka wa mazauna su gyara shawarwarinsu su kuma nemo waɗanda ba sa zuwa. Hukumar da ke da ma'aikaci ɗaya a ofishin yaɗa labarai, idan ta buɗe ƙofa ga shawara dubu biyar, ta ɗauko wa kanta bashin amsa dubu biyar da ba za ta iya biya ba. Sannan akwai sauyin gwamnati. Bayan zaɓen 2019 sabuwar hukumar Madrid ta dakatar da kasafin jama'a na wani lokaci, da ta dawo da shi kuma ta rage kuɗin, Porto Alegre ma da ta haifi tsarin ta dakatar da tarukanta a 2017. Tsarin da ya rataya kan son ran magajin gari guda, tare da shi yake tafiya, don haka ya fi kyau majalisar kansiloli ta rubuta shi cikin dokokinta tun farko, da kason kuɗin da wa'adin ba da amsa.

To, wanne za a ɗauka? Idan abin da ake so shi ne sanin inda abubuwa suka lalace, ramuka da fitilu da shara, dandalin kai rahoto mai taswira ya fi komai, da sharaɗin cewa sashen ayyuka ya amince zai riƙa rufe kowane rahoto da bayanin abin da aka yi, kuma a haɗa shi da lambar kira ko saƙon tes saboda masu ƙananan wayoyi. Idan akwai kuɗin da aka ware da gaske, ko da kaɗan ne, kuma ana son jama'a su zaɓa tsakanin ayyukan da ba sa cin karo da juna, dandali na musamman tare da akwatunan takarda shi ne daidai, kuma gara ƙaramin kasafi da za a gama ayyukansa cikin shekara guda da babba wanda zai tsaya a takarda. Idan kuwa shawarar na da wanda zai ci riba da wanda zai yi asara, kamar inda za a kai juji, ko tayar da kasuwa, ko rufe wani titi ga motoci, ƙirga dannawa a intanet ƙara rura wuta zai yi, domin zai nuna wa kowane ɓangare yawansa ba tare da ya ji hujjar ɗayan ba. Irin wannan sai zama gaba da gaba, kuma ya fi kyau a zaɓo mahalarta bisa sa'a daga jerin mazauna, a biya musu kuɗin mota da na lokacinsu, maimakon a bar zauren ga waɗanda suka saba cika shi, sannan a yi amfani da intanet wajen wallafa takardun da aka ba su da abin da suka cimma.

Akwai kuma hukumar da ba ta da kuɗin da za ta ware, ba ta da ma'aikatan da za su amsa, amma shugabanta na son a ga yana sauraron jama'a. Shawarata gare ta ita ce kada ta buɗe dandali tukuna. Ta fara da wallafa kasafinta da jerin kwangilolinta da ranakun zaman majalisarta a inda kowa zai gani, ta ɗauki tambaya guda ƙarama wadda amsarta ke hannunta, kamar wane titi uku za a fara sa wa fitila a bana, ta gayyaci mazauna ta kafafen sada zumunta da rediyo da shugabannin unguwanni, ta karɓi amsa ta takarda da ta waya, ta sanar da sakamako a ranar da ta ce, ta kuma sa fitilun kafin ta sake tambayar kowa wani abu.